Busta da Amfilifaya Mai Bawul: Tambayoyin da Masu Jita a Sakkwato Suka Fi Yi

Masu kaɗa jitar lantarki a Sakkwato ba su da yawa: 'yan kiɗan coci, masu situdiyo, wasu ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da masu zuwa wasan biki. Amma duk wanda a cikinsu ya samu amfilifaya mai bawul, wato 'yan kwalaben gilashi masu ƙara wa sigina ƙarfi, ko ya ji ta a hannun wani, tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne. Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Mece ce busta, kuma me take yi wa sautin jita?

Busta ɗan fedal ne da ake takawa da ƙafa, yana zama tsakanin jita da amfilifaya. Aikinta guda ne: ta karɓi siginar da ta fito daga fikof ɗin jita (maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya mai ɗaukar sauti), wadda yawanci ba ta kai volt ɗaya ba, ta ƙara mata girma kafin ta shiga amfilifaya. Ana auna ƙarin da ma'aunin da ake kira desibel, dB a taƙaice. A lissafin volt, ƙarin dB 6 ninki biyu ne, dB 20 kuma ninki goma. Bustar MXR Micro Amp, wadda maɓalli ɗaya tal gare ta, tana iya ba da har dB 26.

Busta ta gaskiya ba ta da kaushin kanta. Abin da ka ba ta shi za ta miƙa gaba, sai dai ya fi girma.

To in ba ta da kaushi, daga ina kaushin yake fitowa?

Daga bawul. Bawul ɗin farko a yawancin amfilifayoyin jita shi ne 12AX7, wanda a Turai ake rubuta wa ECC83. Kwalba ɗaya ce amma matakai biyu ne a cikinta, kuma kowane mataki yana ninka sigina sau hamsin zuwa sittin a aikace. Sai dai kowane mataki yana da iyaka. Wutar da aka ba shi ita ce ta yanka masa inda zai tsaya, sama da ƙasa. Muddin sigina tana cikin wannan sarari, za ta fito garau yadda ta shiga. Da zarar ta nemi wucewa, bawul ba zai iya bin ta ba, sai ya daddatse mata kai.

Ka ɗauki mudun gero. Kana zubawa yana hawa, har ya kai baki. Daga nan komai ka ƙara, in aka share bakin mudun, adadin bai ƙaru ba, tozon ne kawai aka yanke. Haka sigina take idan ta cika bawul: tsayinta ya daina ƙaruwa, siffarta ce ke canzawa. Canjin siffar nan shi kunne yake ji a matsayin kaushi, shi ne masu jita ke kira distoshan. Busta dai zuba ƙari take yi.

Na taka busta, ƙara ce kawai ta ƙaru. Abokina ya taka irinta a tasa amfilifayar, ƙara ba ta ƙaru ba sai kaushi. Wace ce ta lalace?

Babu wadda ta lalace, kuma wannan ita ce tambayar da duk wanda ya fahimce ta ya gama da sauran. Busta ba ta zaɓar abin da za ta ba ka. Amfilifaya ce ke zaɓa, gwargwadon sararin da ya rage mata kafin iyaka.

Idan sauran sarari da yawa, ƙarin siginar yana da wurin shiga, sai ya fito a matsayin ƙara. Haka Fender Twin Reverb take, mai wat 85 da bawul 6L6 guda huɗu: kafin ta fara kaushi maƙwabta sun riga sun yi sallama. Idan kuma amfilifaya ta riga ta cika, ƙarin ba shi da wurin zuwa, sai ya koma kaushi da jan sauti, ƙara kuwa da ƙyar ta motsa. Wuri mafi daɗi yana tsakani. A saita amfilifaya daidai inda in ka taɓa tsirkiya a hankali sauti garau ne, in ka doka da ƙarfi ya ɗan fashe. A nan ne busta ke ba da ƙarin ƙara kaɗan, kaushi mai kauri, da sautin da yake daɗewa bai mutu ba.

Shi ya sa shawarar wani a kan "busta mafi kyau" ba ta da amfani sai ya faɗa maka amfilifayar da ya gwada ta a kai, da inda ya ajiye maɓallanta.

Mene ne bambancinta da obadiraib da fedal ɗin distoshan?

Waɗancan biyun suna haɗa kaushinsu a cikin akwatinsu, galibi da ƙananan diyod masu datse sigina. Boss DS-1, da ta fito a 1978, za ta ba ka kaushi ko a kan wace amfilifaya ka jona ta. Obadiraib irin Ibanez Tube Screamer, wadda samfurinta TS808 ya fito a 1979, datsewarta ta fi laushi. Busta ita kaɗai ce ta dogara kacokan a kan amfilifaya.

Iyakar ba ta da tsauri. Mutane da yawa suna mayar da obadiraib busta: su sauke maɓallin kaushi (Drive) kusan ƙasa, su ɗaga na ƙara (Level) sama. Duba tambayar ire-iren busta a ƙasa.

Da gaske ne kaushin bawul ya fi na taransista daɗi, ko dai surutu ne?

Akwai gaskiya, akwai kuma ƙari. Gaskiyar ita ce bawul ba ya datse sigina farat ɗaya. Yana fara lanƙwasa ta a hankali tun kafin ta kai iyaka, don haka akwai fili mai faɗi tsakanin garau da fashewa, kuma yatsunka ne ke yawo a cikinsa. Na biyu, mataki ɗaya na bawul ba ya datse sama da ƙasa daidai wa daida. Wannan rashin daidaito yana haifar da amon da ya ninka na asali sau biyu, wanda shi ne sautin da ka kaɗa amma a hawa na sama, don haka kunne yana jin sa kamar kauri ne, ba kamar baƙo ba. Datsewa mai kaifi kuma daidai wa daida, irin ta yawancin amfilifayoyin taransista, tana yawaita amo na uku, na biyar, na bakwai da na samansu, su ne masu tsikarin kunne idan sun yi yawa.

Ƙarin da ake yi shi ne a ce duk sirrin yana cikin kwalbar. Sifikar jita tana zubar da yawancin amon da ya haura Hz 5,000 (Hz shi ne ma'aunin tsinin sauti), kuma ita ce ke tace rabin tsikarin. Taransfomar da ke gaban sifika ma tana da nata hannun. Amfilifaya mai bawul da aka haɗa da sifika marar kyau ba za ta burge kowa ba.

Amfilifayata ta taransista ce. Busta za ta yi mini amfani?

Za ta ƙara maka ƙara lokacin da kake son jita ta fito sama da sauran kayan kiɗa, in dai akwai sarari. Amma kada ka nemi kaushi ta wannan hanya. Yawancin irin waɗannan amfilifayoyi garau suke har bakin iyaka, sannan su fashe da wata irin tsatsa marar daɗi. Haka nan idan jitarka kai tsaye take shiga mikisa, kamar yadda ake yi a coci-coci da yawa: in ka ga jar fitila tana ƙiftawa, ba kaushin da muke magana ba ne wannan. A nan obadiraib kake bukata, ko fedal mai kwaikwayon amfilifaya.

Me ya sa ake cewa akwai kaushin gaba da kaushin baya?

Amfilifaya mai bawul sashe biyu ce. Sashen gaba na ƙananan bawul ne irin 12AX7, shi ke karɓar jita. Sashen baya na manya ne masu tura sifika: EL34 a yawancin Marshall, 6L6 ko 6V6 a Fender, EL84 a Vox AC30. Kowanne yana iya cika ya yi kaushi. Na gaba ya fi matsewa da yashi-yashi, kuma ana samun sa ko da ƙara tana ƙasa. Na baya ya fi faɗi, yana numfashi tare da hannunka, amma ba ya zuwa sai amfilifaya tana ba da duk ƙarfinta.

Tsofaffin amfilifayoyi maɓallin ƙara ɗaya gare su, don haka ba ka samun kaushi sai da ƙarar da ke girgiza ɗaki. A 1975 Marshall ya fitar da samfura masu Master, maɓalli na biyu da ke zaune tsakanin sassan biyu. In ka ɗaga Gain, maɓallin sashen gaba, ka sauke Master, busta za ta cika sashen gaba ne kaɗai. In ka sauke Gain ka buɗe Master, tana iya kai wa ga na baya. Ka gwada duka biyun da busta ɗaya, za ka rantse fedal biyu ne.

Wat nawa ya kamata in nema?

Ƙasa da yadda kake zato. Lissafin wat ba irin na volt ba ne: ninka wat sau biyu dB 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi sau goma kunne ke jin kamar ƙara ta ninka biyu. Wato amfilifaya mai wat 5 irin Fender Champ tana ba da kusan rabin ƙarar mai wat 50. Mai wat 15 zuwa 22 ta ishi situdiyo da matsakaicin zaure, kuma ita ce za ka iya kai wa bakin iyaka ba tare da ka kori mutane ba. In wasan a fili ne, a sa mata makirufo a gaban sifika, manyan sifikun taro su ɗauki nauyin. Mai wat 100 a cikin ɗaki asarar kuɗi ce ga mai neman kaushin baya.

Ire-iren busta nawa ne, kuma wacce ta dace da wace amfilifaya?

Akwai mai ɗaga komai daidai, bes da tsakiya da tirebul, wato amon ƙasa, na tsakiya da na sama. Kakarsu ita ce LPB-1 ta Electro-Harmonix, wadda aka fara yi a New York a 1968, taransista ɗaya ce tal a cikinta. Irin wannan ta fi dacewa da amfilifayar da ka riga kana son sautinta, ƙari kawai kake nema.

Akwai bustar tirebul, wadda ta samo asali daga Dallas Rangemaster da aka yi a Landan a tsakiyar shekarun 1960. Amfilifayoyin Ingila na lokacin sautinsu yakan yi duhu ya cakuɗe in an ƙure su, sai wannan ɗan akwati ya riƙe bes ya tura na sama. Shahararrun masu jita Rory Gallagher da Tony Iommi sun yi aiki da ita, Brian May kuma ya gina sautinsa a kan bustar tirebul da Vox AC30. Amma a kula: a kan amfilifaya garau mai haske, sautinta kamar allura yake a kunne. Ba ta da daɗi sai amfilifaya ta riga ta fara fashewa.

Sai mai tura tsakiya. Tube Screamer tana rage abin da ke ƙasa da wajen Hz 720, ta ɗan danne na can sama, ta bar tsakiya a gaba. Amfilifayoyin Fender na shekarun 1960 tsakiyarsu a rame take, shi ya sa haɗin ya shahara a hannun makaɗin jitar Amurka Stevie Ray Vaughan. In fedal ɗaya mutum zai saya a nan garin, ni wannan nau'in zan ce ya nema, ko na asali ko kwafinsa, domin yana aiki a kan bawul a matsayin busta, a kan taransista kuma a matsayin obadiraib.

Da na taka busta sai bes ya kumbura, sauti ya cakuɗe. Me ya jawo?

Tsirkiyoyin bes su suka fi fitar da sigina mai girma, don haka su ke fara cika bawul, su danne sauran. In abin ya yi tsanani, bawul yakan shaƙe na ɗan ƙiftawar ido bayan kowace doka, ka ji sauti yana katsewa yana tusa. Maganin ba ƙarin fedal ba ne. Sauke Bass na amfilifaya fiye da yadda ka saba, ko da zuwa 2 ko 3 ne, ka rage bustar, ko ka koma mai rage bes kamar yadda aka yi bayani a sama. Fikof mai naɗi biyu ya fi mai naɗi ɗaya jawo wannan, saboda siginarsa ta fi ƙarfi.

Wani abu kuma: idan tsirkiyoyi da yawa suka shiga bawul da ya cika a lokaci guda, suna haifar da wasu amo na daban waɗanda babu su a cikin abin da ka kaɗa. Shi ya sa masu kaushi mai yawa ke kama tsirkiya biyu ko uku, ba duka shida ba.

A ina zan jona ta in ina da wasu fedal?

Ka tuna dokar sarari daga tambaya ta uku. Busta kafin obadiraib tana cika obadiraib ɗin, sai kaushi ya ƙaru. Busta bayan obadiraib tana ɗaga abin da ya fito, sai ƙara ta ƙaru, in amfilifaya tana da wurin karɓa. Idan kaushinka daga sashen gaba yake zuwa kuma ƙara kake so, duba bayan amfilifaya ko akwai ramuka biyu masu Send da Return. Busta a nan ta tsallake sashen gaba, ƙara za ta ba ka. Bustar tirebul ta tsohon yayi kuwa tana son ta zama ta farko, jita ta shiga cikinta kai tsaye.

Busta za ta iya ƙona mini amfilifaya?

Fedal mai batir na volt 9 ba zai iya fitar da abin da ya wuce 'yan volt kaɗan ba, kuma bawul ɗin gaba yana ɗaukar wannan lafiya lau. Abin da ke wahala shi ne sifika, in ƙarfinta bai kai na amfilifaya ba kuma ana ƙure ta kullum, sai manyan bawul da kan tsufa da wuri. Abin da ke kashe amfilifaya mai bawul nan take daban ne: kunna ta a kaɗa ba tare da sifika a jone ba. Taransfomar da ke tsakanin manyan bawul da sifika ce ke ƙonewa, kuma ita ce mafi tsada da wuyar samu. A tabbata lambar om da ke rubuce a jikin sifika, 4 ko 8 ko 16, ta dace da ramin da aka sa ta.

Cikinta kuma ba wurin wasa ba ne. Akwai volt 300 zuwa 500 a ciki, kuma manyan kafasita suna riƙe wuta bayan an cire soket. A kai wa mai gyaran da ya san kayan bawul.

Jiya sautin ya yi daɗi da wutar gari, yau da janareta ya canza, ban kuma taɓa komai ba.

Iyakar bawul daga wutar da ya samu take fitowa. Wutar Najeriya volt 230 ce a ƙa'ida. In ta sauka, wutar cikin amfilifaya ta sauka tare da ita, sarari ya ragu, sai bustar da jiya take ba da ɗan kaushi yau ta cika komai, bes ya yi sanyi. In wutar ta haura, sauti ya yi tauri, bawul kuma su sha wahala, domin zaren da ke ɗumama su volt 6.3 yake so. Ƙaramin janareta da ke ɗauke da manyan sifiku da fitilu wutarsa hawa da sauka take yi da kowane bugun ganga. Sitabilaiza mai kyau ta fi sabon fedal amfani a nan.

Kayan da aka kawo daga Amurka na volt 120 ne. A karanta bayan akwatin kafin a jona, a nemi taransfoma mai sauke wuta wadda ƙarfinta ya ɗara abin da amfilifayar ke ja.

Zafin Sakkwato yana shafar waɗannan kaya?

Sosai, musamman busta mai taransistar jameniyam irin ta Rangemaster da kwafe-kwafenta. Jameniyam, sinadarin da aka yi tsofaffin taransista da shi, yana yoyon wuta, yoyon kuma yana ƙaruwa da zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, fedal ɗin da ya yi kyau da asuba a ɗaki yana iya shaƙewa ko ya yi rauni da azahar a ƙarƙashin rumfa. Mai silikon ko mai cif bai damu da wannan ba, kuma shi ya fi dacewa da mai wasa a waje.

Bawul da kansa da zafi yake aiki, amma kafasita da taransfoma na kusa da shi ba sa so. Kada a manna bayan amfilifaya da bango, kada a bar ta a but ɗin mota da rana, kuma ƙaramar fanka a bayanta ba abin kunya ba ce. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga maɓallai da ramukan jak, ka ji ƙaras-ƙaras in ka murɗa. Busta tana ninka wannan ma. A rufe kaya da zane, bayan sun huce.

Me ya sa gurnani da huci suke ƙaruwa in na taka ta?

Busta ba ta san bambancin kiɗa da hayaniya ba. Ninki goma ga jita ninki goma ne ga gurnanin Hz 50 da fikof mai naɗi ɗaya ke tsinta daga wayoyin bango, da cajar waya, da fitilu. Fara da gwada batir a madadin adafta. In gurnanin ya ragu, adaftar ce, kuma masu arha su ne kan gaba a wannan laifi. Yawancin fedal suna son volt 9 mai nagatif a tsakiya. Wasu masu jameniyam wayoyinsu a juye suke, ba a haɗa su a layin wuta ɗaya da sauran.

In kuwa kana jin wuta tana ɗan cizonka a tsirkiya, ko a leɓe in ka kusanci makirufo, ajiye jitar. Soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, ko wani ya karya ƙafa ta uku ta fulogi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin ƙarfen amfilifaya, don haka wannan maganar rai ce, a kira mai gyaran wuta.

Ina son sauti irin na masu jitar Nijar. Busta ce sirrin?

Wani ɓangare ne kawai. Kiɗan Bombino na Agadas, da na Mdou Moctar wanda ya fito daga jihar Tawa da ke maƙwabtaka da mu ta Illela da Birnin Ƙonni, ya dogara ne a kan yatsu masu gudu a tsirkiya ɗaya ko biyu, ga wata a sake tana amsawa a ƙasa. Kaushi mai yawa yana haɗiye wannan, saboda dalilin da aka faɗa a tambayar kumburin bes. Ana ma yawan ganin masu wannan salo da Roland JC-120, wadda ta taransista ce tun fitowarta a 1975.

In mai bawul gare ka, ajiye ta a bakin fashewa, zaɓi fikof mai naɗi ɗaya, ka sa busta mai tura tsakiya kaɗan-kaɗan. Maɓallin ƙarar da ke jikin jita shi ne sauran aikin: sauke shi zuwa 6 ko 7 sauti ya koma garau don rakiya, buɗe shi duka in lokacinka ya zo.

Zan sayi amfilifaya mai bawul ta hannu daga Kano ko kasuwar Alaba ta Legas. Me zan duba?

Ka je da jitarka da bustarka, ko ka aiki wanda zai je da su. A kunna ta ta ɗumama, a bar ta aƙalla rabin awa, domin wasu matsalolin sai da zafi suke fitowa. Leƙa manyan bawul: ɗan jan haske a tsakiya daidai ne, amma in farantin ƙarfen da ke ciki ya yi ja kamar garwashi, a kashe nan take. Bawul ɗin da saman kwalbarsa ya yi fari kamar alli iska ta shige shi, ya mutu. Ƙwanƙwasa ƙananan a hankali da fensir; wanda ya yi ƙara kamar ƙararrawa a sifika zai yi kuka da zarar an taka busta.

Tambayi lambar bawul ɗin kafin ka biya, ka tabbata za ka iya samun madadinsu. Ƙananan ana cirewa a sa sabo kai tsaye, har ana iya sa 5751 ko 12AY7 a gurbin 12AX7 na farko in amfilifayar tana saurin fashewa. Manyan kuwa bibbiyu ake sayensu masu ƙarfi ɗaya, kuma a yawancin samfura sai mai gyara ya sake daidaita wutarsu bayan an canza.